Ranar da Kalilu Ya Sa Na Yi wa Kwamfutata Ƙaura

Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, ina fitowa daga aji a makarantar da nake koyarwa a Sandamu, wayata ta yi ƙara. Ƙanena Maliki ne, kuma tun daga sallamarsa na san ba lafiya ba. Ya ce Kalilu ya cika da hantsi a gidansa na Daura, bayan 'yar jinyar da duk muka ɗauka zazzaɓi ne kawai. Na Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma. Na faɗa, na maimaita, sannan na lalubi bango na jingina. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa.

Ga wanda bai san mu ba, Kalilu ɗan Gwaggo Shatu ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ɗan shago a kan hanyar Kusugu. Ni kuwa sunana Maharazu, malamin Hausa ne, kuma makaho. Idanuna sun tafi ne bayan na yi nisa a aikin koyarwa. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Don haka wanda ya ci karo da dariya a wannan ta'aziyya ya yi mini afuwa, haka muka yi zamanmu da shi.

Kalilu, kai kaɗai ne ba ka sauya mini murya ba da na rasa ido. Kowa ya koma yi mini magana a hankali, ana lallaɓa ni, kai kuwa ka shigo ka ce Allah ya taimake ni, na huta da kallon madubi. Ranar ce na fara dariya tun da abin ya same ni. Kai ne kuma ka kawo mini laftof, ka sa mata manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Kafin nan, sai na nemi wanda zai rubuta mini tambayoyin jarrabawa, ni ina faɗa yana rubutawa. Tambayar da ta bi ta hannun mutum biyu kuwa ba ta da sauran sirri. Tsegumi ya yi yawa, har aka fara maganar a ba wani ajina, ni in zauna a ofis ina karɓar baƙi. Kwamfutar nan ce ta kashe wannan magana. Shekara da shekaru na yi ina daidaita ta da kaina: saurin muryarta, inda kowane darasi yake, maɓallan da yatsuna suka haddace, da kalmomin Hausa da na koya mata ɗaya bayan ɗaya har ta daina kiran Daura kamar wani gari a Turai.

To bara, ana dab da jarrabawar ƙarshen zango, sai ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, tana tsayawa a tsakiyar magana. Na hau mota na zo maka hankali a tashe. Ka kara kunne, ka ce faifan ajiyarta ne ke mutuwa, wanda komai nata yake kansa. Abin da aka saba yi shi ne a sa sabon faifai, a ɗora masa sabuwar babbar manhaja, sannan a kwaso takardu. Ga mai ido wannan ba komai ba ne. A wurina kuwa kamar a shiga ɗakina ne a sauya wa kowane kaya wuri. Kafin in sake sabawa jarrabawa ta wuce, na koma neman mai rubuta mini. Ka ce akwai wata hanya: a kwashe komai yadda yake, babbar manhajar da duk abin da ke kanta, daga tsohon faifai zuwa sabo, ta farka ba ta san ta yi ƙaura ba. Sai dai tsohon ya gaji, ba lallai ya jure gwaji na biyu ba. Kuma idan mutum ya juya lissafi, ya ɗora sabon da ba komai a kansa bisa tsohon, to komai ya tafi ke nan.

Ka karɓe ta ka kulle a durowa, ka ce kada wanda ya kunna ta, in dawo wani mako. Na yi faɗa sosai. Na ce faifan nan daga Kano zai zo, ba daga bangon duniya ba. Na kira ka malalaci, na haɗa da duk sunayen da nake kiran ka tun muna yara. Ka ci gaba da ɓarar gyaɗarka, ka ce in gaida mutanen Sandamu.

Da na dawo, sai ka tashi ka zaunar da ni a kujerarka, ka ce ni zan yi aikin da hannuna, don ba za ka tsufa kana bi na Sandamu da sukundireba ba.

Na ce, "Kalilu, ka taɓa ganin makaho yana gyaran kwamfuta?"

Ka ce, "Yau zan gani. Kai ne dai ba za ka gani ba."

Ka tayar da janareta tun kafin a ɗauke wuta. Ka ɗora hannuna a kan sabon faifan, na ji ka manna masa ɗan salatif a gefe don in bambance shi da tsohon. Na haɗa shi da kwamfutar ta waya. Ka sa na raɗa wa faifan biyu suna, ɗaya Tsohon Gida, ɗaya Sabon Gida, don muryar ta riƙa faɗa mini wanda nake kai. Ka sa na saurara, na sake saurara, na faɗa da bakina daga ina zuwa ina, kafin ka bar ni na danna. Daga nan sai jira. Muka yi azahar, muka ƙarar da gyaɗar, duk lokacin da tsohon faifan ya yi ƙas sai in kai kunne kusa da shi, kai kuwa kana ba ni labarin yadda na faɗa kwata a gaban 'yan mata tun ina da idona biyu.

Da aka gama kwashewa, na kashe ta, na kife ta, na kwance notinan. Ka ajiye mini maganaɗisun tsohuwar sifika a gefen dama, duk notin da na cire in manna a kai, ko ɗaya bai ɓace ba. Na zare tsohon, na zura mai salatif, na ɗaure, na danna maɓallin kunnawa. Shiru. Na san kana kallon allon, na ce ka gaya mini abin da ka gani. Ka ce ba kai za ka gaya mini ba, ita za ta gaya mini. Wallahi na tsane ka a wannan ɗan lokacin. Can sai ga muryar ta fito, da saurin nan nata da ba mai gane shi sai ni. Na yi kabbarar da ta sa mai shayin da ke maƙwabtaka da kai ya leƙo. Darussana suna nan inda na bar su, tambayoyina suna nan. Aka yi jarrabawa, babu wanda ya san abin da na tambaya sai ranar da aka raba takardu.

Ba ni kaɗai ka yi wa irin wannan ba. A zaman makoki na ji ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa kowa yana ba da nasa labarin. Abin da suka fi maimaitawa shi ne ba ka taɓa buɗe abin mutum ka leƙa ba, kuma duk tsohon faifan da ka cire sai ka damƙa wa mai shi a hannu.

Amma abin da ya fi tsaya mini, daga bakin matarka Haulatu na ji shi, da na shiga cikin gida yi mata gaisuwa. Ta ce, "Malam, ka san abin da ya yi a makon nan da ya riƙe kwamfutarka? Kallabina ya ɗauka ya ɗaure idonsa. Kullum bayan la'asar yana tsakar gida da tasa kwamfutar, yana gwada aikin da kunne. Noti ya faɗi cikin yashi, ya yi ta rarrafe yana lalube, ya ƙi kwance kallabin. Wata rana kuma ya juya lissafin, ya goge komai nasa, har hotunan bikinmu da na sunan 'yarmu Rukayya. Na yi fushi na daina yi masa magana. Ya ce in yi haƙuri, gara a yi kuskuren a kan nasa da a yi a kan naka." Tana faɗa tana dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya ta duka biyun. Ko sau ɗaya ba ka taɓa gaya mini ba, mugu, ka bar ni ina kiran ka malalaci. Na yi kewarka, taubashina, kewar da ban san inda zan kai ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Shatu, da Haulatu, da 'ya'yansa Muhsin da Rukayya, da 'yan uwa da abokan sana'arsa na Daura. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari cikin albarka. Allah ya gafarta wa Kalilu kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ya Allah, bawan nan naka ya rufe idonsa da gangan, ya zauna cikin duhu don ya san yadda zai fitar da ɗan uwansa. Kada Ka bar shi cikin duhu. Ka cika kabarinsa da haske. Amin.