Yakuba Nan, Yakubu Can

Ranar Talata, 9 ga Maris 2021, na fara ganin Yakuba Ali, ranar da na kama aikin sakatare a biron sandika, wato ofishin ƙungiyar direbobin layin Kano, nan Damagaram. Ya leƙo ta taga, ya kira ni da "malam" na Faransanci, ya ce, "Mushe, in za ka rubuta ni, rubuta da kyau. Ni ne na uku a layi, ko da wani ya rantse maka."

Mutumin Zermu ne, gajere, mai saurin dariya. Shekararsa ashirin da biyu yana kai fasinja Kano ta Matamai. Yawancinsu 'yan kasuwa ne, ya san ranar tafiyar kowa, ya san wadda mota ke sa wa jiri ya ajiye mata gaba. A Kano yana da amini, Salisu, mai rubuta layi a tashar can. Gidansa yake sauka, shi Yakuban ne ma ya yanka ragon sunan ɗan Salisu.

A 2024 wani furoje na raya sufuri ya zo da shirin haɗa bayanan tashoshin biyu, yadda mutum zai kama kujera ta waya daga ko'ina, direba kuma ya daina dawowa fanko. Direbobi suka noƙe. Yakuba ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Kai Bashir, me kake ɓoyewa? Motarka da sai an tura, ita za a sace?"

Suka yi dariya, suka ba da bayanansu. Shi kuwa har lambobin fasinjojinsa ya kawo mini, ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ni na shigar da su. Na kuma shigar da sunansa yadda yake a permi, lasisinsa na tuƙi, da rubutun Faransa: Yacouba Ali. A Kano kuwa tun fil azal Yakubu Aliyu suke kiransa, haka kuma Salisu ya shigar.

Da aka haɗa jerin biyu, na'ura ta ga mota ɗaya da mutum biyu, ta dakatar da ita. Gyaran bai wuce Salisu ya shaida cewa mutum ɗaya ne ba. Na aika masa takarda sau uku. Shiru. Ranar 6 ga Mayu Yakuba ya kira shi a gabana, ya buɗe muryar wayar don in ji.

"Aboki, sa hannu kawai za ka yi. Sati uku ina zaune."

"Ka san aikin ofis, Alhaji. Ni Yakubu na sani a takarda, ban san Yakuba ba."

"Wa ke cin tuwon matarka Sa'adatu in ya zo gidanka? Yakubu ko Yakuba?"

Salisu ya ce ana kiransa, ya kashe.

Bayan kwana tara wata fasinjarsa, Hajiya Delu mai kayan fata, ta shigo biro tana faɗa. Saƙo ya zo mata cewa motar Yakubu Aliyu za ta tashi, ta je, ta tarar da baƙuwar fuska a sitiyari. Na duba. An cire lambar motar Yakuba daga ƙarƙashin sunan Yakubu Aliyu, an sa ta ƙanin matar Salisu. Sunan ya tafi da layin, ya tafi da fasinjojin duka.

Na kai ƙara wurin masu furoje. Suka ce jerin Kano hurumin Kano ne. Da na gaya wa Yakuba, ya matso ya dubi allon na'urar.

"To ni yanzu ina nake a ciki?"

Na nuna masa. Sunansa na nan, ba mota, ba layi.

Bai sake taka Kano ba. Yanzu yana jigilar 'yan kasuwar ƙauye tsakanin nan Zinder da garin Damagaram Takaya, sau biyu a mako. Da aka zo shigar da wannan layin a bana, ya ƙi ba da ko lambar wayarsa.