Ganyen Saman Kwando

Duk ranar da na murza ɗanyen ganye a tsakanin yatsuna, warin nan mai ɗaci sai ya mayar da ni bayan kakata, muna tafiya duwatsun Roni da damina. Ita ke ba da maganin shawara a ƙauyenmu. Ba ta taɓa miƙa wa kowa ganye ɗanye ba, sai ta dake shi ya zama gari, don kada a gane ko mene ne. Kaka ba ta yarda da kowa ba. Ko gaisuwa ta yi tsawo, sai ta ce an zo leƙen kwandonta ne.

Ni kaɗai take yarda in bi ta, shi ma a gindin dutse take zaunar da ni ta haye ita kaɗai. In ta sauko, kullum akwai wani ganye mai ɗan fure ruwan ɗorawa a saman kwandon. Wata rana na zana shi a bayan littafin makaranta. Ta kama ni. Ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta kalle ni.

"Wa ya aiko ki?"

Na rantse ba kowa. Ba ta yaga takardar ba, kuma a lokacin na ɗauka tausayina ta ji. Amma daga ranar ba ta ƙara tafiya da ni ba har ta rasu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na girma, na yi shekaru ina buga takardu a wani ofis a Kazaure, zanen nan yana ƙasan akwatina. Da na ajiye aikin na koma zanen tsirrai, 'yan'uwa suka yi ta ƙus-ƙus. Wasu suka ce korata aka yi, wasu suka ce Turawa ne ke biyana in sayar musu da sirrin daji. Ni dai burina ɗaya, kada maganin Kaka ya bi ta kabari.

Na nemo ganyen, na zana shi da launi har jijiyoyinsa, na rubuta "maganin shawara" a ƙasa, na kai wa gwaggona, autar Kaka. Ta yi dariya har da tari.

"'Yar nan, ai wannan na rufe kwando ne. Ko akuya ba ta ci. Don masu leƙe take ɗora shi."

Saura kaɗan in buga shi a littafi, wata uwa ta dafa wa ɗanta. Na roƙe ta ta nuna mini na gaskiyar. Ta kalli fensirina irin kallon Kaka sak.

"Wa ya aiko ki?"

Sai da na yi mata sawu uku kafin ta yarda, da sharaɗin in bar takarda a gida. Muka hau tare, na gan shi, ɗan ƙarami ne, a tsagar dutse.

Yanzu masu fasa dutse sun kusa kaiwa wurin, kuma yaran ƙauyen asibiti suka sani. Shafin da na ware wa ganyen na gaskiya a littafina yana nan fari, na kasa zanawa, na kasa haƙura. Ranar da muka sauko daga dutsen ni da gwaggo, maigidana ya tambaye ni abin da muka gano. Na buɗe jaka na nuna masa mai furen ruwan ɗorawa.