Yadda Lawali Ya Zama Jakadan Zaman Lafiya

A unguwar Bukoki ta Yamai aka haifi Lawali, a nan ya girma, kuma har ya fara furfura babu wani aiki da za a nuna a ce nasa ne. Uwarsa Bazabarma ce, da Zabarmanci ya tashi. Hausa a kasuwar Katako ya tsince ta, lokacin da yake zama a rumfar kawunsa mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Ya gwada dillancin moto, wato babur, ya bari. Ya buɗe shagon cajin salula, ya ce zaman wuri ɗaya yana sa masa ciwon baya. An taɓa samo masa gadi a wani buro, wato ofis, aka tarar da shi yana minshari da rana tsaka. Abin da Allah Ya hore masa baki ne kawai. In ya fara magana a fada, wurin zaman shayin unguwa, shayi hucewa yake yi a hannun mutane, don ba ya tsagaitawa balle wani ya samu ya kurɓa.

Matarsa Hasiya ce ke riƙe da gidan. Dambu da kopto, kwaɗon zogale, take sayarwa a bakin titi, da shi ake ci, da shi ake sutura, da shi Lawali ke sayen turaren da yake fesawa kafin ya fita zaman banza.

Katanga ɗaya ta raba su da Istifanus, malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Dogonduci, wanda kowa a layin ke kira Mushe, da matarsa Dorkas, ungozoma a wata ƙaramar likita ta unguwa. Kiristoci ne. Sun zo layin tun Lawali bai yi aure ba, kuma yawancin yaran layin a hannun Dorkas suka faɗo, har da na Lawali, su Fatuma. Wannan bai sa ya taɓa amsa gaisuwar Istifanus da cikakken baki ba. In Mushe ya ce masa ina kwana, sai ya ɗaga yatsa biyu yana kallon wani wuri. In Nowel, wato Kirsimeti, ta zo Dorkas ta aiko da shinkafa da kaji, sai ya sa a juye wa akuya, ya ce a wanke kwanon da toka kafin a mayar. Hasiya takan ɓoye rabonta ta ci a madafa.

A watan Janairu na 2015, ranar Asabar ɗin da aka ƙona majami'u a Yamai, hayaƙi ya tashi ta ko'ina tun kafin azahar. Labari ya iso layin cewa samari na bin gidajen Kiristoci. Hasiya ba ta shawarci kowa ba. Ta jingina tsani a katanga, ta leƙa, ta ce, "Maman Joshuwa, ku taho, ku bar komai." Dorkas ta hauro, Istifanus ya biyo ta da takalmi ɗaya a ƙafa.

Lawali ya fito daga ɗaki ya gan su a tsakar gidansa, fuskarsa ta canza. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Hasiya, kin haukace? So kike a ƙona mu? Ki mayar da su inda kika ɗauko su." Da Zabarmanci ya faɗa, wai don kada su ji, kamar mutanen da suka tsufa a Yamai ba su jin Zabarmanci. Istifanus ya sunkuyar da kai. Hasiya ta tura su ɗakinta ta ja labule.

Ba a jima ba aka fara dukan ƙofar gida da sanduna. Lawali ya tattare rigarsa, ya faɗa makewayi, ya sa sakata. Hasiya ce ta buɗe ƙofar, ta tsaya a tsakiyarta da muciya a hannu. Ta dubi samarin ɗaya bayan ɗaya har ta ga wanda ta sani.

"Faruk, ba kai ba ne? Wa kake nema?"

"Inna, an ce sun shigo nan."

"Sun shigo. Wadda ta yanke maka cibiya tana ɗakina. Zo ka wuce ta kaina ka ɗauko ta."

Faruk ya kasa haɗa ido da ita. Suka yi ta hayaniya, daga baya suka juya kan gidan Istifanus, suka fasa ƙofa, suka fito da kujeru da littattafansa suka cinna musu wuta a tsakiyar layi. Matan maƙwabta duk suna leƙe ta kan katanga, sun ga wadda ta tsaya a ƙofa, sun kuma ga lokacin da Lawali ya fito daga makewayi bayan komai ya lafa, yana tambaya ko sun tafi.

Bayan ƴan makonni wata ƙungiya mai aikin sasanta al'umma ta shigo Bukoki tana neman Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu. Aka nuna musu gidan. Hasiya tana tsakiyar turara dambu, ta ce ita ba ta iya magana da baƙi ba, su ga maigida. Maigida kuwa ya riga ya sa hula.

A ranar, abin da ya ce shi ne "mun ɓoye su". Da aka kai shi radiyo, ya zama "na ɓoye su". Kafin shekara ta zagayo, Lawali ne ya tsaya a ƙofa ƙirji buɗe, ya ce wa samari sai dai su taka gawarsa. Muciyar ma ya karɓe ta, ta koma sanda a bakinsa. Aka fara gayyatarsa atiliye, irin tarukan nan na otal da ake yini ana magana ana shan lemo mai sanyi. Ya ɗinka manyan riguna. Ya haddace ƴan kalmomin Faransanci, yana jefa "tolerans" a duk inda numfashinsa ya tsaya. Wani ya kira shi jakadan zaman lafiya a tele, sunan ya bi shi, shi ma ya bi sunan da gudu.

Sai dai jakada ba ya tafiya hannu sake, dole ya riƙa nuna wanda ya ceta. Duk taron da za a yi, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar da a da ko kallonta ba ya yi. "Mushe, shirya, ana son ganinka." A zauren taro ya rungume shi gaban masu ɗaukar foto, ya ce, "Ga Kiristana. Ni da shi uwa ɗaya uba ɗaya." Istifanus ya tsaya kamar an kafa shi, ana tafi. Ba a taɓa miƙa masa makirfo ba, Lawali bai taɓa barin hakan ta faru ba. In an tashi, jakada ya shiga motar manya, Mushe ya nemi taksi.

Wata rana Istifanus ya dawo ya ce wa matarsa ya gaji, gobe zai faɗi gaskiya. Dorkas ta ce, "Baban Joshuwa, in ka tona shi, wa ka kunyata? Mijin Hasiya ne. A gidanta muka kwana." Haka suka ci gaba da biyan alherin matar da haƙurin zama kayan nunin mijin. Mutanen layin kuwa dariya suke yi a ɓoye, amma babu wanda ya je ya gyara labarin, don kowa na jin daɗin a ce layinsu ne aka nuna a tele.

Da aka kafa kwamitin zaman tare na unguwa, ba a yi wata muhawara ba, Lawali aka ba shugabanci. Shari'ar farko mai nauyi da ta zo gabansa ta Istifanus ce.

Wani ɗan kasuwar Kalle, Alhaji Bello, ya sayi gidan da ke ɗaya gefen na Mushe, ya rushe shi ya tayar da bene. Magina suka saki bututun ruwan wanka da wanke-wanke a gindin katangar Istifanus, wadda ta laka ce. Katanga ta fara jiƙewa tana tsagewa, wari ya hana su zaman tsakar gida. Istifanus, wanda a lokacin ya riga ya yi ritaya, ya je ya sami Alhaji har sau da dama, ana ce masa ya fita. Sai ya kai ƙara wajen kwamiti, yana ganin ko ba komai shugaban ya san shi.

Aka zauna a ƙarƙashin bishiyar bedi, ƙofar gidan mai unguwa. Alhaji Bello bai zo ba, ya aiko a ce yana gaisuwa. Istifanus ya yi bayani a tsanake, ya ce ba ya neman komai illa a karkatar da bututun zuwa lambatu, aikin da magini zai gama kafin la'asar. Dattawa biyu suka gyaɗa kai, don duk sun ga katangar.

Lawali ya gyara zaman babbar riga, ya yi gyaran murya irin ta zauren otal. Ya yi magana mai tsawo a kan haƙuri, da yadda addinai duka suka yi umarni da shi. Sannan ya ce, "Mushe, Alhaji mutum ne mai taimakon unguwa, shi ya shimfiɗa mana tabarmi a masallaci. Bai kamata a ɗaga masa hankali a kan ruwa ba. Ku kuma, ka san yadda zama yake. Baƙo yakan kama kansa."

Istifanus ya dube shi. "Malam Lawali, ni ne baƙon? Ina layin nan aka yi maka aure. Alhaji bara ya zo."

"Ba wannan baƙuncin nake nufi ba, ka gane ai," in ji Lawali. "Kuma kada ka manta abin da unguwar nan ta yi maka. Da ba don ni ba, da yanzu ba ka nan kana maganar katanga."

Kowa a ƙarƙashin bedin nan ya san inda Lawali yake a ranar da yake magana a kai. Ɗaya daga cikin dattawan ya buɗe baki, ya dubi benen Alhaji, ya mayar ya rufe. Istifanus ya tashi, ya karkaɗe wandonsa, ya ce, "Na gode," ya tafi. Da yamma aka ga jakada a gaban motar Alhaji Bello, gilashi a sauke don kowa ya gan shi.

Damina na sauka katangar ta zube, ta haɗa da madafar Dorkas. Ɗansu Joshuwa, wanda ke da gida a unguwar Bobiyel, ya zo da mota ya kwashe su. Hasiya ta taya su ɗaure kaya tana kuka. Lawali yana wani atiliye a ranar, yana koya wa mutane yadda ake zama da wanda ba addininku ɗaya ba.

Bai neme su ba sai da aka shirya wani babban taro, aka ce masa lallai ya zo da maƙwabcin nan nasa. Ya tambayi Hasiya kwatancen gidan, don ita tana zuwa, ya hau taksi har Bobiyel. Dorkas ce ta buɗe. Ya yi fara'a kamar jiya suka rabu.

"Madam, ina Mushe? Ya shirya, jibi manyan baƙi za su zo, har daga waje."

Dorkas ta matsa gefe don ya gani. Istifanus na zaune a kujera a inuwa, an rufa masa zane a ƙafa, hannunsa na dama a kwance kan cinya, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi tun kafin azumi. Hasiya ta faɗa wa mijinta a lokacin, bai dai saurara ba.

Lawali ya tsaya yana kallonsa. Bai ce sannu ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "To ai ko a kujerar za a iya kai shi. Ba sai ya yi magana ba, dama ba ya yi."

Dorkas ta dube shi. Ta ce, "Malam Lawali, shekara da shekaru ina hana shi buɗe baki saboda Hasiya. Yanzu ga shi Allah Ya rufe bakin, kai ka huta. Amma ni nawa a buɗe yake. In ka sake zuwa ɗaukarsa, ni zan bi ka taron, in karɓi makirfo. Ka gaida mini Maman Fatuma."

Ta rufe ƙofa a hankali. Ya tsaya a rana da babbar rigarsa yana jiran taksin komawa.

Wani zai ɗauka a nan abin ya ƙare. Ina! Ranar taro Lawali ya bayyana da wani tela ɗan Benin mai shago a Kalle, Kirista, wanda ba ya jin Hausa sosai, aka ce masa liyafa za a je. Ya rungume shi gaban foto, ya ce ga ɗan'uwansa. Baƙin ba su san fuskar Istifanus ba, ba su kuma tambaya ba. Aka yi tafi, aka ba jakada lambar yabo ta katako mai hoton kurciya.

Istifanus ya rasu bayan wannan da ƴan watanni. Hasiya ta je Bobiyel ta zauna makoki tare da Dorkas har aka watse, mata da yawa na layin ma sun je. Lawali bai je ba, ya ce ƙafarsa na ciwo. Amma ya yi magana a radiyo a makon, ya ce ya yi rashin amini, muryarsa har tana rawa.

Yana nan a Bukoki. Ya yi ƙiba, ya ƙara rigar shadda, ana ci gaba da gayyatarsa. A layin dai, ko kaza aka yi rigima a kanta ba a kai masa. In ya doso fada da yamma, samari sukan tuna suna da wani aiki, su bar masa benci da butar shayi.