Rigar da Malama Ta Juya a Shahe

Shekaru sun ja, wataƙila na gauraya wasu abubuwa. Abin da ban manta ba shi ne zafi da gajiya. Ana gab da wasannin Olamfik, na gama jami'a a Guangzhou, ina yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta.

Wata dattijuwa 'yar ƙasar Ayaland, wadda ta koyar da mu Turanci, ta ba wani tela a kasuwar Shahe ɗinkin jan siket mai kauri, irin wanda matan ƙauyensu ke sawa a da. Mahaifiyarta na kwance a gida, ba ta da buri sai ta sake ganin irinsa. Jirgin Malama kuwa washegari da safe zai tashi.

Ni na kai ta wurin telan tun farko, ni kuma na ɓatar da katin shagon.

Da muka je karɓo ɗinkin, mun yi kamar awa uku muna hawa da sauka a benayen kasuwar. Kowane layi kamar wanda muka baro. Wanda duk na tambaya sai ya kaɗa hannu ya ce meiyou, wato babu.

Malama ta zauna kan wata dilar kaya tana haki. Ta ce, "Ɗana, an ɗauke mana hanya. A ƙauyenmu akwai ciyawar da in ka taka, mutanen ɓoye za su yi ta juya ka, ko a gonar ubanka. Maganin shi ne ka sa rigarka baibai."

Na ce, "Malama, ni dai addinina bai bar ni da camfi ba."

Ta ce, "To ya bar ka da katin?"

Ta cire 'yar rigarta ta sama, ta juya ta mayar, ɗinki duk a waje. Na bi ta, kaina a ƙasa, masu shaguna suna dariya. Ba mu wuce layi biyu ba, ko uku, wani tsoho ya fito riƙe da almakashi yana nuna rigar yana faɗa. Telanmu ne.

A ganina, tela ne kawai ya kasa jure ganin ɗinki a waje. Haka na gaya mata.

Daga baya ta rubuto cewa siket ɗin ya riski mahaifiyarta da rai. Ta ɗora shi a cinya ta shafa, ta ce jan bai kai na da ba.

Akwai 'yan Kano biyu da suka gan mu a ranar. In sun tuna wani abu dabam, don Allah su aiko in gyara.