Ranar da Akori-kura Ta Yi Fito

Jiya jikana ya shigo zaure yana fito, hannu cikin aljihu kamar shi ya gina gidan. Kafin in ankara ƙafafuna sun bar ƙasa sun hau benci. Yaro ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Kai ma yi taka, amma ka zauna ka ji dalili, domin ni ba jahili ba ne. Na yi aji huɗu na firamare, biyu daga ciki ma idona biyu.

A gidanmu, can ƙasar Bukkuyum, ba a fito. Inna ta ce fito kiran maciji ne, kuma ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce igiyar ƙasa. Tun ina ƙarami muciyarta ta koya wa leɓena ladabi. Na girma, na yi iyali, har na sayi tsohuwar akori-kura ina jigilar shinkafa zuwa Gummi da Anka, amma a gaban Inna ban wuce wancan yaron ba.

Da kaka ne, shekarar da soja suka miƙa mulki. Muna yankan shinkafa a fadama, motar ta wuni cikin ciyawa a bakin gona. Bayan azahar Baba ya sunkuya zai ɗaga dami, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Aka kashe ta, aka ɗaure ƙafar da rawaninsa. Kafin mu ɗora shi a mota ya tofar da yawu, muka ga jini a ciki. Duk ɗan fadama ya san fassarar wannan: sai allurar asibiti, kuma sai da wuri.

Muka shimfiɗa shi a baya. Kawu, yayan Inna, ya zauna ya tallabe kansa. Kawu tsohon direban babbar mota ne, ƙarar inji ta cinye masa kunne, amma ta bar masa baki. Inna ta shiga gaba kusa da ni, muka nufi Gummi.

Mun yi nisa da gida, ba mu kai titi ba, sai na ji shi. Wani siririn fito, mai haɗe da huci, yana fitowa daga ƙarƙashin gaban motar. In na taka mai ya lafa, in na sassauta ya dawo da ƙarfi. Inna ta naɗe ƙafafunta a kan kujera.

"Kai wanga, kai ka fito?"

"Inna, dubi bakina."

"To mijinta ne. An kashe mai mata, ya biyo mu. Yana cikin motag ga."

Na so in yi mata bayani irin na masu ilimi, sai na tuna inda motar ta wuni. Ga shi kuma duk inda na rage gudu saboda yashi, injin ya kama karkarwa kamar zai mutu, hayaƙi mai warin baƙin mai yana bin mu. In na ci gaba injin ya buga a dajin nan, Baba ya tafi. In na tsaya, dafin ba zai tsaya tare da ni ba. Na leƙa madubi, na ga Kawu yana goge wa Baba baki da hannun riga, hannun rigar ya yi ja.

Na tsaya gindin wata tsamiya, ban kashe injin ba.

Kawu ya diro yana faɗa. "Mi ya hwaru? Nan ne asibitin?"

Na yi masa ihu a kunne cewa mota na fito. Inna ta leƙo ta taga. "Yaya, kada ka buɗe! Igiyar ƙasa na ciki!"

"Ke yarinya, yi muna shiru." Yarinyar nan a lokacin ta aurar da jikoki.

Duk da haka da sandarsa ya ɗaga murfin injin, daga nesa, ni kuma na ba shi fili sosai don girmamawa. Ba abin da ya fito sai zafi. Fiton kuwa yana nan.

Sai ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya ɗauki dogon ƙarfen jak, ya dafa kan a jikin injin, ya ciji ɗaya kan da sauran haƙoransa, ya rufe ido. Da haƙori yake ji. Ya matsa nan, ya matsa can. Ba ƙarfe ne ke cin ƙarfe ba, in ji shi, iska ce. Ya kama murfin da ake zuba baƙin mai, ya murɗa, murfin ya ƙi tasowa kamar ana riƙe shi daga ciki.

"Kai mai kunne, in ya yi shiru ka ɗaga hannu."

Ya fizge murfin. Fiton ya ɗauke ɗif. Na ɗaga hannu har biyu.

"Hancin motar ne," ya ce. "Kashe injin."

Ya bi wani ɗan tiyo a saman injin, ya zaro wani bawul da bai fi babban yatsa ba. Ta nan inji ke fitar da tururin cikinsa. Lafiyayye, in ka girgiza shi, ɗan ƙarfen ciki zai yi ƙas-ƙas. Wannan ya yi gum, dattin mai ya liƙe shi a buɗe, injin yana ta zuƙar iska ta duk kafar da ya samu. Kawu ya tsiyayi fetur a murfin jarka, ya jiƙa, ya girgiza, ya hura. Shiru. Daga bayan mota Baba ya kira sunan Allah, da wata murya da ban san shi da ita ba. Inna ta sauka da gudu, ta manta da igiyar ƙasa, ta hau wurinsa. Kawu ya sake jiƙawa, ya buga bawul ɗin a tafinsa, ya kai shi kunnena ya girgiza.

Ƙas-ƙas.

Aka mayar da bawul ɗin, injin ya tashi ba fito. Ban tuna yadda na tuƙa sauran hanyar ba. Na dai tuna mun shiga Gummi ana kiran la'asar, kuma an samu allurar. Baba ya kwana biyu a gadon asibiti, ya fito da ɗingishi, ya ƙara shekaru yana yi mana faɗa a fadamar nan.

Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda da zancen bawul ba. Hujjarta ɗaya: yaushe fiton ya tsaya? Da aka buɗe murfi. To ai lokacin ne ya samu ƙofa ya fice. Kawu ya yi rantsuwa har ya gaji.

Yanzu ɗana in motarsa ta yi tari, wata na'ura ake jona mata ta faɗi ciwonta, ba mai cizon ƙarfe. Yara suna fito a tsakar gida, ba mai ɗaga muciya. Ni kuma na riƙe bawul ɗin nan da hannuna, na ji ƙas-ƙas ɗinsa da kunnena, na san Kawu ne mai gaskiya. Kaina ya yarda da Kawu tun ranar. Ƙafafuna ne dai har yau suke bin Inna.