Ganyen da Kaka Ta Dasa a Tirkaniya

Duk sa'ad da matata ta buɗe kwalbar tayim za ta barbaɗa a miya, sai in tsinci kaina a gidanmu na haya a unguwar Tirkaniya, a shekarun tamanin, ina jin tarin babana ta bayan labule.

A masaƙa yake aiki, ƙurar auduga ta zauna masa a ƙirji. An je asibiti, an sha ƙwayoyi, tari yana nan. Da labari ya kai ƙauye, kakata, mahaifiyarsa, ta hawo mota da ƙunshin wani ɗan ganye da ke fitowa a tsagin duwatsun garinmu. Da yarenmu kaɗai muka san sunansa. In ka murza shi, ƙamshinsa kamar na tayim ne, sai dai ya fi yaji, har ido ya kawo ruwa.

Takan tafasa shi ta kifa faranti a kai. In ta ɗaga, sai ka ga ɗigon mai yana ƙyalli. Ta lakato da gashin kaza ta shafa masa a ƙirji, ya yi surace da sauran. Ranar farko Baba ya yi barci har da minshari. Mama ta je coci ta yi godiya.

Da ganyen ya kusa ƙarewa, Kaka ta dasa saiwarsa a bayan ɗakinmu. Damina ta sauka, ya yi kore shar, ya fi na gida girma. Ta tsinka, ta murza, ta shinshina.

"Shi ne," in ji ta, "amma ba shi ba ne."

Ta tafasa duk da haka. Ruwa ne zalla. Ta sake tukunya, ta yi azumi, ta yi addu'a. Kawuna ya aiko da wani ƙunshi daga ƙauye, ruwa ya dake shi a hanya, ya iso da fumfuna. Muna ji muna gani Baba yana ramewa.

"Mama, bari haka, kin gaji," ya ce wa Kaka.

"Hannuna ne ya mutu, ɗana."

Kafin Kirsimeti muka kai shi gida muka binne. Kaka ba ta ƙara haɗa wa kowa magani ba, har ta rasu.

Yanzu 'yata tana karatun sinadarai a jami'a. Kwanan baya na ba ta labarin, ta ce irin wannan tsiro mansa yana bin ƙasar da ya fito. A kan dutse, cikin rana da ƙishi, yakan tara mai mai ƙarfi. Inda ruwa ya wadata, sai ya yi ta ganye. Ta ce ko na dutsen ma numfashi kawai zai sassauta, ba zai wanke huhu ba.

"Ashe ba hannunta ba ne?"

"Ba hannunta ba ne, Baba."

Na ce ta maimaita mini a hankali. Ta maimaita. Na zauna da maganar, na rasa wanda zan kai wa.