Abu Rida da Hancin Aro

A kasuwar Aswan, in ka wuce layin masu dabino ka doshi wajen masu kwanduna, akwai wani shago mai koriyar ƙofa da ba ya rabo da baƙi. Sunan mai shi Abdul'ati, amma kowa Abu Rida yake ce masa, da sunan babban ɗansa. Dogo ne, baƙi, mai faffaɗan tafin hannu, domin da ƙuruciyarsa jirgin ruwa yake tuƙawa a kogin Nilu. A can ya tsinci harsunan Turawa, kowanne a karye, amma suna biya masa buƙata. Da kawunsa mai kayan ƙamshi ya tsufa ba shi da magaji, sai ya kira shi ya zaunar da shi a gefensa, yana koya masa sana'ar har Allah ya karɓi abinsa.

Abu Rida kuwa ya riƙe ta da kyau. Buhunan zoborodo a bakin ƙofa, goruba da tsamiya a gefe, can ciki ga kirfa da kanumfari da citta da hulba an tula su tsibi-tsibi. Da hanci yake sayen kaya. In dillali ya kawo buhu, sai ya ɗebi kaɗan ya murza a tafi ya shinshina, ya ce a shigo da shi ko a ƙara gaba.

Da la'asar, in jiragen masu yawon buɗe ido sun tsaya, kasuwa sai ta cika da jajayen fuskoki da manyan huluna. Shi ba ya jan rigar kowa. Ruwan zoborodo mai sanyi yake miƙa wa baƙo, ya saya ko bai saya ba. Akwai wani shuɗin gari da masu shaguna ke tulawa a gaba don ya ja ido, baƙi kuma ba sa wucewa sai sun tambayi a wane abinci ake sa shi. Wasu sukan ƙirƙiro musu amsa. Shi sai ya kama wuyan jallabiyarsa ya nuna musu da hannu cewa bula ce ta wanki.

Maƙwabcinsa Barsum, Kirista mai sayar da kwanduna, yakan leƙo ya ce, "Kai dai ba za ka taɓa yin arziki ba. Mutum ya taso tun daga bangon duniya yana neman abin mamaki, ka ce masa bula?"

"To in ce masa ya zuba a miya, ya koma gida da shuɗin harshe? Je ka saƙa kwandonka, maƙwabci."

Abu Rida ya haura shekara hamsin lokacin da wani zazzaɓi mai haɗe da mura ya kwantar da shi. Ya warke, ya koma kasuwa, ya buɗe shago, sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Kullum in ya buɗe, ƙamshin da ya kwana a ciki ne ke fara tarbarsa. Ran nan bai ji komai ba. Ya cusa fuskarsa cikin buhun kanumfari, kamar ya cusa ta cikin yashi. Likita ya ce masa wataƙila ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da murzawa yana kai wa hanci kamar da, yana dogara da ido da kuma amanar dillalan da ya sani. Ana haka wani baƙon dillali ya kawo masa garin kirfa mai kyan launi, ya saya. Ba a jima ba Sha'aban mai shayi, wanda tun zamanin kawun Abu Rida a shagon yake saye, ya zo da ƙullin a hannu, ya ja shi gefe.

"Abu Rida, lafiyarka kuwa? Wannan ai rabinsa garin ɓawon itace ne. Da wani ne ya sayar mini, da kasuwa duka ta ji mu."

Abu Rida ya kwashe kirfar nan kaf ya zubar, ya rufe shago da rana tsaka, ya tafi gida. Ya yi kwanaki bai fito ba. Matarsa Wahiba, wadda ba ta taɓa zaman kasuwa ba, ta zuba masa ido har ta gaji, sannan ta ajiye masa kwanon wake a gabansa ta zauna.

"Tun yaushe hancin ya tafi?"

Ya ɗago. "Wa ya gaya miki?"

"Ranar nan albasa ta ƙone mini ƙurmus, kana zaune kana cewa a ƙaro maka shayi. Kai da ko gishiri ya yi kaɗan sai an ji bakinka."

Ya ce zai sayar da shagon, don ba zai zauna yana cutar mutane da sunan kawunsa ba. Ta ce, "Hanci ɗaya ne ya mutu a gidan nan. Nawa yana nan. Gobe tare za mu fita."

Haka aka yi. Ta sa baƙin mayafinta ta zauna can ciki kusa da ma'auni. Abu Rida da kansa ya bi layi ya gaya wa maƙwabta abin da ya same shi, don kada su ji a bakin wani. Barsum ya saurara, sannan ya ce, "To ai ka huta da warin kifin ƙasan layi," ya shiga ya ɗauko wa Wahiba kujera mai taushi daga shagonsa. Abu Rida ya koya mata abin da ido da yatsa ke ganewa, ita kuma ta shinshina ta yanke hukunci. Dillalai suka gane cewa ciniki da ita ya fi wuya.

Abin da ya rage masa shi ne baƙi. Wata rana wata tsohuwa daga ƙasar Girka ta tsaya, ta ɗauki sandar kirfa ta kai hanci, ta daɗe idonta a rufe. Abu Rida ya matso kusa da ita. Ya haɗa 'yan kalmomin da ya sani ya tambaye ta me take ji, ya nuna hancinsa ya girgiza kai. Matar ta gane. Ta zauna a kan buhun goruba, da baki da hannu ta ba shi labarin wani tuwon madara da kakarta ke yi musu ranar biki, a barbaɗa kirfa a kai, yara su yi ta faɗa kan ƙanzon tukunya. Abokan tafiyarta suka yi ta kiranta, ba ta tashi ba sai da ta kai ƙarshe.

Tun daga ranar ya mai da abin al'ada. Duk baƙon da ya tsaya, sai ya murza masa wani abu a tafi ya ce, "Shinshina ka gaya mini." Wani ya ce hulba na tuna masa da asibitin garinsu. Wani ƙato ya ce kanumfari warin ɗakin mai cire haƙori yake, ya dafe kunci, Abu Rida ya yi dariya har da hawaye. Masu jagorar baƙi suka fara kawo mutanensu shagon musamman, domin a nan ne kaɗai ake tambayar baƙo ya yi magana.

Hancin bai dawo ba har yau, shi ma ya daina zuwa wurin likita. Gemunsa ya yi fari, gwiwa ta fara ciwo, amma da sassafe yana nan yana yayyafa ruwa a ƙofar shago. Rida ya so iyayensa su huta, ya ce zai riƙe su da albashinsa na koyarwa. Wahiba ce ta ƙi. Ta ce ta yi shekara da shekaru tana jin labarin kasuwa a bakin mijinta, yanzu da ta zo ta gani da idonta ba mai mayar da ita gida.